Gorar da Ta Sha Zamzam

Ni dai har gobe in na ga gora, ko a hannun makiyayi ce a talabijin, sai raina ya ɓaci. Mutane su ce ke kuwa me gora ta yi miki? To bari in gaya muku abin da ta yi mini.

Gidanmu a unguwar Ruwais ta Jidda yake, cikin tsofaffin gidajen nan masu ɗan tsakar gida da dogayen benaye suka zagaye suka tare musu iska. Mu uku ne a ciki lokacin: ni, da Babana, da yayarsa da nake kira Gwaggo. Ni a Jidda aka haife ni, iƙamata, wato takardar izinin zama, lafiya lau, sana'ata lalle. Baba direba ne a gidan kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, can arewacin gari. Gwaggo kuwa umara ta zo daga Sudan tun ban isa sa abaya ba. Ta yi ɗawafinta, ta ce ƙafa na mata ciwo, bari ta huta kwana biyu. Hutun nan ne har na yi aure, auren ya mutu, na dawo gida na tarar tana kan hutawa.

Ba ta da iƙama, ba ta da wata takarda mai rai. Duk mun sani, ba ma dai faɗa da ƙarfi ne, cewa ran da wani mai kaki ya shigo gidan nan ya ce kowa ya fito da iƙamarsa, to Gwaggo sai tarhil, inda ake tara marasa takarda kafin a sa su jirgi. Can Sudan kuwa ba ta da sauran kowa. Miji ya rasu, ba ɗa ba jika, gidan ma dangin miji sun sayar. Shi ya sa ba ta leƙa ko ƙofar gida. In aka buga ƙofa da ƙarfi, kafin ka juya ta shige ɗakinta ta danna sakata.

Gorar kuma Baba ne ya kawo ta. Babana mutum ne da ba ya iya ganin an yar da abu. Matacciyar fanka, kujera mai ƙafa uku, rediyon da sai an mare shi yake magana, duk gidanmu suke ƙarewa. Matar kafilinsa ta gaji da wata gorar ado da ke cikin tukunya, ta ce a jefa a zibala, wato shara, shi kuma ya jefa ta a bayan mota. Wajen saukewa tukunyar ta fashe, sai ya ɓamɓare tayil a kusurwar tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin Gwaggo, ya tura ta cikin ƙasa. Na ce, "Baba, a zafin Jidda? Ko sati ba za ta yi ba." Ya ce in sa ido.

Da a ce ruwan famfo kaɗai ta samu, wataƙila da maganata ta tabbata. Amma kowane Bahaushe ya san ba a zubar da ragowar rubutu a makwarara. Ruwan da aka ɗauraye ƙwaryar rubutu, da wanda aka yi wankan tofi da shi, da zamzam ɗin da ya daɗe a jarka har ya ɗauki warin roba, duk gindin bishiya ake nema musu, wuri mai tsarki da ƙafa ba ta takawa. A ƙasar iyayenmu wannan ba abin damuwa ba ne, bishiya ko'ina. A unguwarmu kuwa daga siminti sai kwalta. Akwai matan da ke da jarkoki jere a bayan firiji, ba su iya sha, ba su kuma iya zubarwa.

Gwaggo ce ta fara zuba nata. Zancen duniya ba ya ɓuya, kafin wata ya mutu duk matan Hausawan unguwa sun ji cewa akwai shuka mai rai a gidanmu, a ƙasa ta gaske. Suka fara zuwa bayan la'asar, kowa da robarta a ƙarƙashin abaya. Gwaggo ta ajiye kujera 'yar tsugunno a gindin gorar ta zama mai gadi. Ba a zuba komai sai ta bincika.

"Wannan na mene ne?"

"Na tofin ciwon kai ne, Gwaggo."

"Zuba ta dama. Ke kuma fa?"

"Ruwan wankin carbi ne."

"Da sabulu?"

"Kaɗan."

"Koma da abinki."

In sun gama zubawa sai a zauna, a dafa shayi, a yi gulmar wanda bai zo ba. Matar da ba ta fita, sai ga gari yana zuwa mata da ƙafarsa. Ban taɓa ganin Gwaggo tana dariya har da buga cinya ba sai a shekarun nan.

Gora kuwa ta samu abin da take so. Ta yi 'ya'ya, 'ya'yan suka yi jikoki, ta wuce katanga, ta rufe ƙofar ɗakin Gwaggo ruf, har baƙo ba zai san akwai ɗaki a wurin ba. Baba in ya dawo aiki sai ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallonta, ya juyo ya ce mini, "Sati nawa kika ce ma?" Ni da nake sharar ganyenta safe da yamma ban taɓa amsa masa ba.

Maƙwabcinmu na bayan katanga wani dattijon Balarabe ne, mutumin kirki, da azumi har musayar kwano muke yi da iyalinsa. Wata safiya ya buga ƙofa, ya shigo riƙe da wani tsiro mai tsini. Ya ce kwana da kwanaki kafet ɗin majalisinsa, falon da yake saukar baƙi, yana tashi a tsakiya, yana ta faɗa da jikokinsa su daina cusa kayan wasa a ƙasa. Ran nan baƙonsa ya zauna a wurin ya miƙe ba shiri. Da aka ɗaga kafet sai ga wannan, ya ratsa tsakanin tayil ya fito. Baba ya ba shi haƙuri, aka yi dariya, aka sha shayi.

Zuwansa na biyu babu dariya. Ya ce jijiyar ta shiga bututun bayararsa, wato ramin da ƙazantar gida ke taruwa, ta fasa shi, gidansa ba ya shiguwa don wari. Ya ce ya tambaya, an gaya masa akwai doka: shukar da ta tsallaka gidan maƙwabci ta yi ɓarna dole a cire ta har saiwa, in ba a cire ba baladiya, hukumar gari, ta turo muraƙibi, mai duba irin waɗannan abubuwa, ya shigo ya gani da idonsa, a ci tara. Ya ce shi wallahi ba ya son kai ƙarar maƙwabci, ya ba mu zuwa ƙarshen wata.

Yana fita Gwaggo ta zare sakata ta fito tana huci.

"Ƙarya yake yi mata! Gorar da ta sha zamzam ce za ta bar ko'ina ta nufi bayara? Wannan tasa ce."

Na ce, "Gwaggo, ina ya samu gora?"

"Shi ya sani."

Ni ban taɓa ganin dokar nan a rubuce ba, har yau. Amma kowace mata da ta zo da irin wadda ta ji. Wannan ta ce tara ce kawai, waccan ta ce katanga ake rushewa, wata ta rantse da cewa duk wanda aka tarar a gidan sai an ɗauki hoton yatsunsa. Mu tarar ba ta dame mu ba. Cewa da aka yi wani zai shigo ya duba, ita ce ta hana mu cin abincin kirki.

Na ce abu mai sauƙi. A sare ta, a tuttula wa gindin dizal, a kwashe karan a kai babban kwandon zibala na bakin titi, halas, magana ta ƙare. Wayyo, da na sani ban buɗe baki ba. Gwaggo ta dafe ƙirji. Matan da ke zaune suka ɗauki salati a tare.

"Dizal? A kan ayar Allah za ki zuba dizal?"

"Gwaggo, ayar da aka zuba bara ai ta daɗe da wucewa."

"Ta wuce ina? Ba ga ta nan a jikin karan ba? Ita za ki kai zibala, kyanwoyi su hau?"

Raina ya ɓaci, na manta da baƙi. Na ce, "Haba jama'a, gora ce fa! Kara ne! Kuma saboda wa ake wannan wahalar? In mutumin nan ya shigo, ni za a ɗauka ko Baba?" Gwaggo ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Na sani, 'yar nan. A cire ta. Amma ba da dizal ba."

Aka ɗauko Malam, wani tsoho mai sayar da turare da carbi a kasuwar Balad, wanda rabin rubutun da gorar ta sha daga allonsa ya fito. Ya zagaya ta, ya ɗaga kai ya dubi samanta, ya sha shayi kofi bayan kofi, sannan ya yanke hukunci. A sare ta da bismillah. Kada a taka ta da takalmi, kada a tsallake ta. Ba ta zuwa zibala. A busar da ita, a ƙone a wuri mai tsabta, a binne tokar. Da zai tafi ya nuna wata miƙaƙƙiya ya ce a ajiye masa wannan, gwiwarsa na son sanda.

Baba ya kira gayya. Abokansa ne masu aikin ɗaukar kaya a sitocin Khumra, suka zo ran Juma'a da sassafe da diga da shebur da adda. Rabinsu su ma iƙamarsu irin ta Gwaggo ce, amma ba wanda ya tambayi wani. Na soya wake, na sayo burodin tamis, na cika buta da shayi.

Gwaggo ta zauna a kujerarta ta hau ba da umarni. Kowa ya cire takalmi. Ƙarti suka kama haƙa ƙafa ba komai, suna tsalle in tsinin saiwa ya soke su. In mutum ya ɗaga adda bai yi bismillah ba, sai ka ji, "Kai mai jar riga, ban ji ba!" Saiwar kuwa ashe duk ta bi ƙarƙashin gidan. Aka bi ta har kicin, aka bi ta har gindin famfo, tayil ɗin tsakar gida kaf aka ɓamɓare shi. Da yake ba a tsallakewa, mai ɗauke da kaya sai ya zagaya, wurin zagayawar kuma yana ta raguwa. Wani dogo da ke haƙa a kusurwa ya ɗago ya ga an jibge kara ta ko'ina, an kewaye shi. Ya ɗaga ƙafa, Gwaggo ta yi gyaran murya, ya mayar. A wurin ya tsaya har aka kusa kiran sallah, shayinsa ma a kan shebur aka miƙa masa.

Wata daga cikin matan da suka zo kallo na kama ta a soro tana tafiya a ƙage. Na ce mene ne a hammatarki? Ta ce ba komai. Guntun saiwa ne, wai za ta dasa a bokiti. Na fizge na ce in tana son muraƙibi ta aika masa goron gayyata da kanta.

Karan ya sha rana a tsakar gida har ya bushe. Ana saura kwanaki kaɗan wa'adin maƙwabci ya cika, Baba ya samo rabin duro, na wanke shi da hannuna har Gwaggo ta yarda ya tsarkaka. Bayan la'asar ta wata Juma'ar mutanen Khumra suka dawo, don an ce za a yi 'yar walima. Malam ma ya zo da sabuwar sandarsa. Aka cika duro, Malam ya yi addu'a, Baba ya ƙyasta ashana.

Daga baya kowa ya ce ai shi ya sani, in aka sa gora a wuta ba a tsaga ta ba, iskar da ke cikin gaɓoɓinta fashewa take yi. Har Baba ya ce ya sani. To a ranar dai ba wanda ya faɗa.

Tau! Muka dubi juna. Tau! Tau-tau-tau! Benayen da ke kewaye da mu suka riƙa dawo da ƙarar, sai ka rantse harbi ake yi a unguwar. Mata suka fara ihu ta tagogi. Wani daga cikin mutanen Khumra ya ce, "Yanzu za su zo!" Ai kuwa ƙafa me na ci ban ba ki ba. Wasu suka bi ƙofa, wasu suka haye katanga. Dogon nan da ya ƙi tsallake kara rannan, ranar tsallake ni ya yi ina durƙushe wajen buta. Malam mai ciwon gwiwa shi ya riga kowa isa titi, sandar tana nan inda ya yar. Baba ma da iƙamarsa a aljihu ya bi su. Da na tambaye shi daga baya, cewa ya yi shi bai yi niyya ba, ƙafafunsa ne suka bi jama'a.

Na ji jiniya daga nesa. Na kama hannun Gwaggo.

"Tashi! Shiga ɗaki, yalla!"

Na waiga sai na ga ƙofar ɗakin tsirara, babu abin da ya rufe ta, duk wanda ya shigo ita zai fara gani. Gwaggo kuma ba ta motsa ba.

"Ƙafafuna sun ƙi, 'yar nan. Kuma in na tashi, ruwan datti za su watsa mata."

"Gwaggo, don girman Allah!"

Masu gudu sun bar ƙofar gida a wangale. Kafin in ƙara wata kalma askari, ɗan sanda da kakinsa, ya shigo. Matashi ne, gemunsa ma bai gama haɗuwa ba, idonsa yana zagaya ko'ina: takalma a warwatse, kofuna a kife, tsakar gida duk ramuka, ga tsohuwa zaune gaban wuta. Na hau zuba masa Larabci, ni kaina ban san me nake cewa ba. Duro ya sake yin tau, askari ya duƙa, ni ma na duƙa. Gwaggo ko gezau.

Ya matso ya leƙa duron. Ya ce me kuke ƙonawa? Na ce gora ce. Ya ce don me ba ku kai ta zibala ba? Sai na ji muryar Gwaggo, da Larabcinta na Sudan da ban taɓa jin ta yi wa baƙon namiji ba, tana gaya masa cewa wannan kara ya sha zamzam, ya sha ayoyi, ba a haɗa shi da shara. Na rufe ido. Na ce shi ke nan, ya ji harshenta, tambaya ta gaba ita ce iƙama.

Sai ya fashe da dariya. Ya ce wallahi kakarsa ma haka za ta yi. Ya ce amma hura wuta a cikin unguwa laifi ne, a kashe yanzu, in ba a son ruwa ga ƙasa nan an haƙo. Da hannunsa ya ɗauki shebur ya zuba ta farko. Ya yi magana a rediyonsa, ya ja mini kunne kada a sake, ya juya ga Gwaggo ya ce, "Ki sa mu a addu'a, ya khala," wato inna. Ya fita, har da ja mana ƙofa.

Na zube a ƙasa ina dariya ina hawaye. Na ce, "Gwaggo, Allah ya rufa asiri! Kin ga yadda ya duƙa?" Ba ta yi dariya ba. Ƙofar take kallo.

"Bai tambaya ba," in ji ta.

"To ai alhamdulillahi."

"Ko sunana bai tambaya ba."

Na daina dariya. Ta ce tun shekarar da ta zo ta haddace abin da za ta faɗa wa mai kaki, kullum sai ta maimaita bayan sallar asuba. Ta ce akwai ƙullin kayanta a ƙarƙashin gado, ɗaure, ko yaushe. Ta ce, "Bikinki daga ɗakin nan na ji shi a bakin mutane. Uwarki ta yi jinya a asibiti har ta rasu, ban je na riƙe hannunta ba. Duk ina jiran wannan yaron. Ya zo, ya ce in sa shi a addu'a." Sai ta fashe da kuka. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, na zauna a ƙasa na rungume ƙafafunta.

Da ta lafa na gaya mata gaskiya, don ba na son dariyar askari ɗaya ta ruɗe ta. Na ce wannan bai tambaya ba, amma na gobe yana iya tambaya, ba abin da ya canja. Ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce. Ta miƙe, ƙafafun da suka ƙi ɗazu suka yarda, ta shiga ɗaki. Na zaci kwanciya za ta yi. Sai ga ta ta fito da abayar da ta zo umara da ita, duk layin ninki, tana warin akwati.

"An ce teku na nan kusa. Kai ni."

A ƙofa muka ci karo da Baba yana dawowa da takalmi ƙafa ɗaya, shi ma ba nasa ba. Ya ce, "Yaya, ina za ki? Kin haukace ne? Motarsu ba ta yi nisa ba!" Ta ce ya matsa, kuma ya kula kada kyanwa ta hau tokar nan.

Muka tafi a ƙafa, a hankali, tana riƙe da damtsena. Duk motar da ta rage gudu sai na waiga. Ita kuwa tambaya take ta yi, wancan dogon ginin na waye, yaushe aka yi wannan titin. Muka isa bakin ruwa rana na shirin faɗuwa, mutane sun shimfiɗa dardumai suna shan shayi. Ta tsaya jikin ƙarfen da aka gitta, ta zuba wa ruwan ido.

Can sai ga motar sintiri tana tahowa a hankali ta bayanmu. Na san ta gan ta, don yatsunta sun nutse a hannuna har sai da na ji zafi. Na raɗa mata, "Gwaggo, mu koma."

Ba ta waiga ba. Ta ce, "Tsaya tukuna. Ban gama gani ba."